Butar Malam a Tsakiyar Hamada

Tun hantsi Sa'ida ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida sau biyu, ta wanke kofunan da babu wanda ya sha ruwa da su, ta shiga ɗaki ta fito ba ta san abin da ta je ɗauka ba.

"Ke, zauna kafin ki cinye mana tsintsiya," in ji Umma tana dariya. "Sai ka ce a kanki aka fara neman aure."

Yau ne baffan saurayinta Mikail zai zo wurin mahaifinta, Malam Sabo, a nan gidansu na Ƙofar Ɗan Agundi. Sau biyu ana ɗaga zuwan. Na farko Malam ya ce bai gama bincike ba. Na biyu Gwaggo ce ta zo ta yi kuka ta fyace majina, wai ɗanta Bashir ya riga kowa magana, kuma ba ta taɓa jin inda aka bar ma'aikacin ofis mai mota aka ɗauki marini mai shuɗin hannu ba. Malam ya ce shi bai taɓa yi wa 'ya'yansa dole ba, ba kuwa zai fara a kan wadda ta yi karatu har take koyar da 'ya'yan wasu ba.

To, yau dai rana ta yi. Zuciyar Sa'ida sai tsalle take.

Abu ɗaya ne babu wanda ya sani a gidan.

A marinar Ƙofar Mata aiki kashi biyu ne: mata su yi ɗauri a gida, maza su rina a karofi. Mace za ta ɗinke farin yadi da zare, ta tsuke, ta ɗaure tamau, duk inda zare ya kama, ruwan baba na rini ba zai shiga ba. Sai an rina an kwance ake ganin adon. Umma ta san 'yarta tana karɓar wannan aiki a hannun Dije dillaliya kamar sauran matan unguwa. Abin da ba ta sani ba, yadi ɗaurarre ba ya faɗar abin da ke cikinsa. Dunƙulen ƙulle-ƙulle ne kawai. A gaban idon kowa, a kan tabarmar tsakar gida, Sa'ida ta shekara biyu tana ɗinka mafarkanta.

Ba ta taɓa ganin hamada ba. Mikail ne ke kawo mata ita a baki, daga hirar Buzayen da ke zuwa sayen rawani a wurinsu: tuddan rairayi masu tashi daga wurinsu kafin gari ya waye, da ruwan da kake hange ka yi ta bi ba ka isa ba. Ita kuma sai ta kwashi kayan gidansu ta kai can. Ludayi ya zama jinjirin wata. Faifai ya hau sama yana shawagi. Buta ta yi girman Goron Dutse ta tsaya a tsakiyar rairayi, tana tsiyayar taurari ta bakinta.

Makon jiya aka rataye bakwai daga cikin zannuwan a wani baje kolin zane-zane. Mutane suka yi cincirindo, hotuna suka bazu a wayoyi. A ƙarƙashin kowane zane an rubuta sunan Mikail. Ita ce ta roƙe shi, har da sa shi rantsuwa, domin tana 'yar shekara goma sha uku Malam ya taɓa yaga littafinta da ya ga ta zana mutum. Tun daga ranar ba ta sake zana abu mai rai ba, ba ta kuma sake barin ya ga komai nata ba.

Ana idar da la'asar aka yi sallama. Alhaji Mailafiya ne, baffan Mikail, dattijon marina, da ƙullin goro a hannu.

Sa'ida ta laɓe a soro na biyu, bayan labule. Umma ta harare ta, ta ce mata marar kunya, sannan ita ma ta matso ta kasa kunne.

An gaisa, an tambayi iyali, an tambayi kasuwa. Alhaji Mailafiya ya gyara murya zai shiga magana ke nan, sai aka ji an taka birki a ƙofar gida.

"Kawu, a gafarce ni," muryar Bashir ce, yana haki. "Kafin a karɓi goron nan, akwai abin da ya zama dole ka gani. Wallahi ba don kaina ba ne, don mutuncin gidan nan ne."

"Bashir, ba ka ga ina da baƙo ba?"

"Baƙon ma ya kamata ya gani. Kawu, duba wayar nan. Aikin yaron nasu ne, wanda ake ta yayatawa."

Malam ya karɓi wayar ya duba.

"Buta ce a cikin rairayi," in ji Malam. "Shirme dai irin na 'yan zamani. Sai aka yi yaya?"

"Bari in buɗa maka hoton. Dubi mariƙin. Waya ce aka naɗe shi da ita, zagaye uku. Dubi lotsawar nan ta gefe. Dubi bakin yadda ya karkace. Kawu, butar wa ce wannan?"

Sa'ida ta san amsar.

Butar ƙarfe ce da Malam ya gada wurin mahaifinsa. Kullum tana ajiye a bakin turakarsa, can ƙuryar gida. Butar ba ta taɓa leƙa zaure ba. In zai fita, ta roba yake ɗauka.

"Ga kuma wannan," Bashir ya ci gaba, muryarsa har rawa take don daɗi. "Kujerar tsugunon Umma ce, mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Ga randar da ke gindin bishiyar lemo. Ni ɗan gida ne, na san su. Shi fa? Namiji baligi, bare, wanda iyakarsa dakalin ƙofar gida. A ina ya ga butarka, Kawu? Wa yake shigo da shi in ka tafi kasuwa?"

"Innalillahi!" Umma ta dafe ƙirji, ta juyo ta dubi 'yarta da ido jajur.

Abin takaici ke nan da mu. Maza uku a zaure, biyu sun yi furfura, ɗaya yana da digiri, amma babu wanda ya tsaya ya ce, to ko wani na cikin gidan ne ya yi? Ya fi mana sauƙi mu yarda yarinya ta zubar da mutuncinta da mu yarda Allah ya ba ta baiwa.

"Alhaji," in ji Malam, muryarsa ta yi sanyi irin sanyin da duk gidan ke tsoro, "kira mini ɗanka. Yanzu."

Ba a saba mai neman aure ya zauna inda ake maganar aurensa ba, amma yau al'ada ta kauce. Ba a jima ba Mikail ya iso a kan babur, daga bakin karofi, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ko hula babu. Ya durƙusa ya gaida su.

"Kai ka yi wannan zanen?"

"Sunana ne a jiki, Baba."

"Ba sunan na tambaye ka ba. Ka taɓa wuce zauren nan?"

"Wallahi tallahi ban taɓa ba."

"To a ina ka ga butata?"

Mikail ya sunkuyar da kai. Sa'ida tana hango shi ta ɓular labule, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Yi magana mana!" Alhaji Mailafiya ya daka masa tsawa. "Za ka kwance mini zani a kasuwa, kai ɗan nan?"

"Baffa, ka yafe ni. Na yi rantsuwa a kan wata magana, ba zan iya warware ta ba."

"Ka ji ko, Kawu!" Bashir ya tafa hannu. "Rantsuwa! Da wa ya yi rantsuwar?"

"Alhaji, ɗauki goronka," in ji Malam. "Mun rabu lafiya. Kai kuma, daga yau ko inuwar gidan nan…"

Sa'ida ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta ruga ɗaki, ta janyo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ta zari almakashi. Umma ta tare ta a tsakar gida, ta riƙe mata hannu.

"Ina za ki? Cikin maza? Ke, ki rufa mini asiri, ki faɗa mini gaskiya tukuna. Ni na haife ki. Kin taɓa shigo da shi?"

"Umma!" Hawaye suka ɓalle mata. "Har ke? Ke da nake zaune a gabanki kullum da allura a hannu? Ke da kike cewa in rage tsuke ido kada in makance?"

"To mene ne? Me kuke ɓoyewa?"

"Zo ki gani. Don girman Allah, Umma, zo ki tsaya a bayana."

Sa'ida ta gyara hijabinta ta ɗaga labulen.

"Assalamu alaikum."

Maza huɗu suka ɗago kai a tare. Mikail ya girgiza mata kai yana roƙonta da ido. Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Koma ciki," in ji Malam.

"Baba, zan koma. In ka ce in kwana a durƙushe ma zan kwana. Amma kada ka kori bawan Allah da zunubin da bai ɗauka ba. Bai taɓa shiga gidanka ba. Ni na zana butar. Ni na zana kujerar Umma, da randar, da duk sauran. Shi rini kawai yake yi. Ni na sa ya rantse ba zai faɗa ba."

Bashir ya fashe da dariya. "Kai, so masifa ne! Sa'ida, ke? Aikin da masana ke tsayawa a gabansa suna jinjina kai? Kawu, kare shi take yi."

"Yaya Bashir, da ka ce na shigo da namiji gidan ubana ba ka yi dariya ba. Sai da na ce na iya wani abu abin ya ba ka dariya?"

Dariyar ta maƙale masa a wuya.

Ta ajiye ƙunshin a tsakiyar tabarma. Dunƙule ne mai duhun shuɗi, ƙulle a kan ƙulle, yana ƙanshin baba.

"Jiya Dije ta dawo mini da shi daga karofi. Ba a kwance ba. Alhaji ya san aikin nan fiye da kowa, ya duba ko an taɓa zare ɗaya."

Alhaji Mailafiya ya juya shi, ya matsa, ya sansana. "Ba a taɓa ba. Rinin gidanmu ne. Tsomi ya kai goma sha biyu."

"To Baba, tambayi mai sunan me ke ciki."

Malam ya juya ga Mikail. "Ka ji."

Mikail ya yi ajiyar zuciya mai nauyi, kamar wanda aka sauke wa kaya. "Tunda ta faɗa da bakinta, rantsuwa ta sauka. Baba, ban sani ba. Ban taɓa sani ba sai an kwance. Ni dai nakan tsoma, in ɗaga ya sha iska, in ga ya tashi daga kore ya koma shuɗi, in yi ta addu'a kada in ɓata mata."

"Ke fa?"

Sa'ida ta share hawaye da gefen hijabi. Wani abu ya taso mata, ba tsoro ba, zumuɗi, irin wanda take ji duk ranar kwancewa.

"Tuddan rairayi ne guda biyar, Baba. A kan na tsakiya akwai tabaronka, wanda ƙafarsa ta karye ranar Laraba waccan ka ɗaure da baƙin zare. Ya yi girman ƙofar gari. Ta gilashin hagu rairayi ne kawai. Ta na dama kuwa kogi ne yake gudu. A sama alƙalumanka na kara ne suke tafiya a jere kamar ayari, tawada na ɗiga daga bakinsu, duk inda ta ɗiga ciyawa ta tsiro. Babu mutum, babu dabba, babu tsuntsu. Tun ranar da ka yaga littafina ban sake zana mai rai ba."

Hannun Malam ya tafi aljihun gabansa, inda tabaron yake. Bai ciro shi ba.

"Kwance," ya ce.

Almakashi ya fara ƙas, ƙas, ƙas. Zare na zubowa a kan tabarma. Sai ga Umma ta fito daga bayan labule, ta manta da baƙo, ta durƙusa tana tsintar zaren da farce. Alhaji Mailafiya ya kama gefe ɗaya, Mikail ya kama ɗayan, suka miƙe tsaye suka ja.

Yadin ya buɗe ya cika zauren daga bango zuwa bango.

Shuɗi mai zurfi kamar rijiya, da fari tas kamar gishiri. Ga tuddan nan biyar. Ga tabarau a tsaye, har ɗaurin zaren ƙafarsa. Ga kogin ta gilashin dama, inda baba ya ɗan ratsa ɗinkin ya bar wani shuɗi-shuɗi mai haske, sai ka rantse ruwan motsi yake. Ita kanta Sa'ida ba ta san zai fito haka ba. Ta toshe baki da hannu, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Tabarakallah," in ji Alhaji Mailafiya a hankali. "Shekara hamsin ina bakin karofi."

"A gabana," Umma ke ta maimaitawa. "A gabana take yi, ina tankaɗe."

Malam ya ciro tabaron ya saka. Ya matso ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya bi layin alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga su da leɓe.

"Bashir."

"Na'am, Kawu."

"Ka jefi 'yar'uwarka da magana mafi muni a gaban baƙo, ba shaida, ba bincike. Tashi ka tafi. Ka gaya wa uwarka ina nan tafe, kuma ba hira ce za ta kawo ni ba."

Bashir ya fita, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Sa'ida ta ɗago kai da murna, amma fuskar Malam ba ta saki ba.

"Ke, da ni da ke akwai zama. Shekara biyu kina ɓoye mini abu a cikin gidana, har ya kusa jawo mana abin kunyar da ba ya wankuwa. Ni ma akwai nawa laifin, na sani." Ya juya. "Kai kuma, Mikail. Ka cika alkawari, na gani. Amma kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi? Idonta, yatsunta, tunaninta, sunanka a ƙasa? Wannan haƙƙi ne. Ba na ba da 'yata ga wanda ke ɗauke da haƙƙinta. Sai ka sauke shi a inda ka ɗauka, a gaban mutane."

"A'a, Malam, a bi a hankali," Alhaji Mailafiya ya yi wuf. "Maganar nan ta tsaya a zauren nan mana. Ai in an yi aure duk ɗaya ne, nata nasa ne. Ka san yadda sunan gidanmu ya tashi saboda zannuwan nan? Yanzu a ce duk Ƙofar Mata ta ji ashe mace ce? Da wane ido zan zauna a bakin karofi? Kai Mikail, kada ka kuskura. In ka buɗe baki, nemi wani ya karɓar maka aure, ba ni ba."

Sa'ida ta dubi Mikail. Baffan nan shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ya koya masa haɗa baba da toka, ramukan da yake rini a ciki ma nasa ne.

Mikail ya ninke gefen yadin da ke hannunsa a hankali, ya miƙa wa Umma. Ya durƙusa a gaban baffansa.

"Baffa, kai ka koya mini cewa marini ba ya musanya wa mutum yadinsa, ko da wanda aka ba shi ya fi kyau. Shekara biyu ina sanye da rigar da ba tawa ba. Duk wanda ya yaba mini, ji nake kamar ya mare ni. Ka yafe ni."

Ya miƙe ya fita.

A ƙofar gida, kan dakalin masallaci, dattawan unguwa na zaune suna jiran magariba, ga masu shayi, ga matasa riƙe da wayoyi. Daga cikin zaure suka jiyo muryarsa, ta cika layin.

"Jama'a, assalamu alaikum! Ku shaida, wanda ke da waya ya ɗauka ya yaɗa! Zannuwan nan na hamada da ake cewa nawa ne, ba nawa ba ne. Ni marini ne kawai. Mai su Malama Sa'ida ce, 'yar Malam Sabo na gidan nan! Gobe da safe zan je in sa a cire sunana a sa nata!"

Hayaniya ta tashi a waje. Wani ya ce, "Wace Sa'idar? Malamar makaranta?" Wata mata daga saman katangar maƙwabta ta rangaɗa guɗa ba tare da ta san kan zancen ba.

Sa'ida ta kifa kanta a kafaɗar Umma tana kuka.

Alhaji Mailafiya ya miƙe a fusace, ya suri ƙullin goronsa, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya. Ya waiwayo ya sake duban yadin, ya daɗe. Ya ja tsaki, ya dawo ya zauna daram, ya dangwarar da goron a gaban Malam.

"Ɗan banzan yaro, ya gama da ni," ya ce. "To tunda duniya ta ji, gara a ce surukata ce da a ce ta wani ce. Malam, muna nema wa ɗanmu auren 'yarka."

Malam Sabo ya miƙa hannu ya jawo goron gabansa.

"Na ba shi."